Rabon Jatau a Rumbu

Ain Khaled, Doha

Zuwa ga ɗana Haruna, wanda bakina bai taɓa iya kiransa da sunansa ba sai dai Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, Ya sauke ka Kano lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki. Ummanka ce za ta cusa maka ita cikin jaka, don na san in na miƙa maka hannu da hannu a gabana za ka buɗe, ni kuwa ba zan iya zama ina kallonka kana karantawa ba. Ka bari sai ka huta tukuna.

Ba zan cika ka da wa'azin bautar ƙasa ba. Ka girma, ka san sallarka, ka san abin da ya kamace ka, kuma Ummanka ta riga ta yi maka nasihar da za ta ishi mutum uku. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Ranar da abokanka suka zo yi maka ban kwana, ina kwance a ɗaki bayan na dawo daga wankin ƙoda, na ji ka a falo kana gaya musu in ka samu hutu za ka tafi Kaduna, gidan da ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati, ka binciko kakanninmu malaman Borno. Da alfahari ka faɗa, yadda na koya maka. Abba, babu wasu malaman Borno. Ni na ƙirƙire su a nan Doha, kuma gara ka ji yadda aka yi daga bakina kafin ka ɓata ƙafarka.

Zan fara da Mai dami. Muna yara a gidanmu na Kano, duk kaka akwai wani mutum da ke zuwa da damin dawa guda a saman motar ƙauye. Dami shi ne dawar da aka yanko da zangarniyarta aka ɗaure wuri guda, na faɗa maka ne don na san ko a hoto ba lallai ka bambanta dawa da gero ba. Mutumin dogo ne, da zane a kumatu irin na Baba, amma a lokacin rabin dattawan unguwa na da zane, ban taɓa haɗa su ba. Ba ya shiga cikin gida. A zaure yake zama, Baba ya fito masa da kwanon fura da kansa, su daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. In an kira sallah Baba ya tafi masallaci, shi ya zauna yana jira. Baba, wanda ko buta ba ya ɗauka in da yaro a kusa, shi ke saɓa damin nan a kafaɗa ya shiga da shi. In baƙon zai tafi a haɗa masa gishiri da kanwa da sabulu da turmin atamfa. Na ci tuwon dawar nan tun ina rarrafe har na yi gemu, ban taɓa tambayar daga gonar wa take fitowa ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko, rashin tambaya. Kakanka Malam Haruna mutum ne mai shiru, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin babu abin faɗa. Sunan da muke sawa a makaranta Isa ne, na Malam Isa, malamin da Baba ya tashi a gidansa, kuma na ɗauka shi ya haife shi. Da na zo Doha aiki, hirarmu a waya ba ta wuce ina kwana, ya jiki, a gaida mutanen gida. Wata rana, jikinsa ya fara rauni, ya ce mini, “Sule, in ka zo akwai maganar da zan ba ka a kan mutanen dami.” Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, ina sauri, na ce to Baba, in sha Allah hutu mai zuwa. Hutun ya zo na ɗaga shi saboda wani aiki da yanzu ko sunansa ba na tunawa. Kafin na gaba ya zo an binne Baba.

Don haka, Abba, in tsoho ya ce maka yana da magana, ka nemi wuri ka zauna a lokacin. Jirgin ya wuce, wani zai zo. Kada ka ce sai ka shirya, ko sai ka nemo abin ɗaukar murya. Tsofaffi ba sa maimaita irin wannan tayin, kunya ce ke hana su, kuma ba su da tabbacin gobe.

Kuskure na biyu a unguwar Aziziya ta nan Doha na yi shi. Wani abokin aikina ɗan ƙasar nan ya gayyace ni majalisarsu, ana ta zagayawa da gahawa da dabino. Hira ta biyo ta kan asali, sai ya gyara zama ya jero kakanninsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta hadda, 'yan uwansa na gyaɗa kai. Da ya gama ya juyo ya tambaye ni nawa. Sunaye biyu gare ni, Haruna da Isa. Na ji ƙanƙanta ta rufe ni. Na tuna an taɓa cewa Malam Isa ya yi karatu a gabas, sai na kama wannan na ce mu zuriyar malamai ne da suka taso daga Borno. Suka ce masha Allah, aka ƙara mini gahawa. Abin ya yi mini daɗi, na maimaita shi a zaman Hausawa na bayan Juma'a, inda kowa ke da kakan da ya yi sarauta ko alƙalanci. Kafin a jima direbobi da masu gadin da muke haɗuwa da su a masallaci suka koma kirana jikan malamai, ni kuma ina amsawa. Tun ina faɗa da ɗar-ɗar har na fara yarda da kaina, har na ba ka shi ka girma da shi.

Ka koyi cewa ban sani ba. Da na faɗi haka a majalisar nan, da ba a rage mini albashi ba, da ba wanda ya kore ni. Za su tausaya mini na ɗan lokaci su ci gaba da hirarsu. Yanzu ga shi sai da ɗana ya kai shekarun aure nake gyara masa sunan kakansa.

Bayan rasuwar Baba na ƙudura sai na samo hujja a rubuce, irin wadda zan sa a gilashi in rataye a falo. Da na je hutu na fara zuwa wurin Gwaggo Hajara, 'yar Malam Isa, Allah Ya ji ƙanta, don ta ba ni sunayen iyayen Malam. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariya ta ce ai Malam 'ya'ya mata kaɗai ya haifa. Ta ce Baba saurayi ne da ya zo Kano cin rani yana dako a kasuwa, ya musulunta a hannun Malam, Malam ya raɗa masa Haruna ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Sunansa na gida Jatau, ɗan Nomau, Bamaguje, daga wani ƙauye kudu da Kano da ake kira Gidan Nomau. Na yi mata godiya na fito, a raina ina cewa tsufa ya fara taɓa ta.

To ka ga da wace niyya na tafi Kaduna. Ba gaskiya na je nema ba, na je ne in ƙaryata tsohuwa. Na nemi takardun ƙidayar haraji ta zamanin Turawa na gundumar, aka fito mini da su, sun yi ja, gefensu na ɓarɓashewa a hannu. Na bi ƙauyukan har na kai Gidan Nomau. Ga Nomau nan an rubuta shi, manomi, da matansa da awakinsa, amma wajen samarin gida babu kowa. Babu Jatau. Na fito ina jin kamar an sauke mini kaya, na wuce Kano kai tsaye na shimfiɗa wa Gwaggo hoton takardar a cinya, ita da ba ta karanta boko.

Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce, “Sule, wane mahaukaci ne zai nuna wa mai ƙidayar haraji ɗansa saurayi?” Ta ce Baba da bakinsa ya ba ta labari, in aka hango masu ƙidaya daga nesa, Nomau sai ya jefa su cikin rumbu shi da ƙanensa ya rufe, su zauna cikin dawa suna atishawa a hannun riga har baƙin su tafi, don duk saurayin da aka rubuta sai an biya masa haraji. Na ce ƙane kuma? Ta dube ni ta ce, “Mai damin naku fa, kai wa ka ɗauka shi ne?” Ta ce Ranau ne sunansa, kuma ta ji bayan Baba ya bar gida shi ya bi 'yan mishan.

Ga darasin da na biya kuɗin mota zuwa Kaduna na koyo. Ka karanta tsofaffin takardu, ban hana ka ba, akwai amfani a ciki. Amma duk wadda ka ɗauka ka fara tambayar wa ya rubuta ta, don me, kuma me mutanen da ake rubutawa suke tsoro. Mai ƙidaya abin da aka nuna masa ya rubuta. Kakanka yana raye yana numfashi a cikin rumbu lokacin da aka rubuta cewa babu shi. Kuma kada ka shiga bincike da amsarka a aljihu, domin abin da kake so shi kaɗai idonka zai gani.

Duk da haka ban haƙura ba. Na ɗauki mota na tafi ƙauyen, ina fatan a ce wani Nomau ne daban. Akwai wata 'yar coci ta ƙasa da rufin kwano a bakin gari. Faston, mutum mai fara'a, ya karɓe ni ba tare da ya tambayi dalilina ba, ina ambaton Ranau ya fito da littafin da suke rubuta waɗanda aka yi wa baftisma tun farkon zuwan mishan. Bai daɗe yana buɗawa ba ya sa yatsa a kan layin: Ranau ɗan Nomau, an sa masa Bitrus. Ya ƙara buɗa wasu shafuka ya nuna mini 'ya'yansa. Ɗansa na fari, Abba, sunansa Haruna. Na tsaya ina kallon sunan, faston na ci gaba da magana ban ji ba. Sai da ya taɓa ni ya ce ai tsohon na nan da rai, ga gidansa can bayan tsamiya.

Lokacin kaka ne. Na fito zan shiga mota na hango shi a ƙofar gida yana ɗaure dami, ya sa gwiwa ya danne yana jan igiya. Da ya miƙe ya tako wajena, tafiyar Baba ce, har yadda yake ɗan karkata kafaɗar hagu. Ya sa hannu ya kare rana ya ƙare mini kallo ya ce, “Ba Sule ba ne, na gidan yaya Jatau?” Ya buɗe hannuwa. Ni kuma na miƙa masa hannu ɗaya ina tsaye, kamar wanda muka haɗu a ofis, na ce wucewa nake, sauri nake yi, zan dawo. Ya ce ko ruwa ba zan sha ba? Na ce a'a, na gode. Na ja mota. A madubi na ga yana nan tsaye inda na bar shi, igiyar na hannunsa.

Zan faɗa maka dalilin ba tare da na shafa masa mai ba. Kunya na ji. Na tuna masu kirana jikan malamai, na ga ranar da labari zai iso Doha cewa injiniya Sule jikan Maguzawa ne, ƙanen ubansa ɗan coci. Ubana ya bar gidansu saurayi ya zaɓi Musulunci da ƙafarsa, ya rayu a kai ya mutu a kai, kuma in ba sallah aka kira ba, bai taɓa barin ɗan uwansa ya zauna a zaure shi kaɗai ba. Ni da na samu addinin a shimfiɗe ban sha wahalar komai ba, ni ne na ga ya fi ƙarfina in sha ruwan gidansu.

Saura mafi muni. Bayan rasuwar Baba dami bai daina zuwa ba, jikokin Ranau ke kawowa gidanmu na Kano, inda baffanka Kabiru yake. Da na dawo Doha na kira Kabiru na ce in sun zo bana ya yi musu godiya, ya ce a daina wahala, dawa ba ta yi mana wuya a kasuwa. Ya ce, Yaya, ka tabbata? Na ce khalas, na gama magana. Ka san shi, ba ya musu da ni. Damin ya iso ƙofar gida, aka mayar da shi saman motar da ta kawo shi.

Gwaggo Hajara ce ta aiko mini da saƙo mai zafi. Ta ce wannan ba kyauta ba ce da za a ce an gode. A gidajen gandu, gonar gida ta kowa ce, kuma duk ɗan da aka haifa a gidan yana da rabonsa a kaka, ko yana nan ko ya yi nisa. Muddin ana kai maka dami kana karɓa, kai ɗan gida ne. Ranar da ka mayar, ka faɗa da bakinka cewa ka fita. Shekara da shekaru Ranau na ɗaukar rabon yayansa ya kai masa birni don kada sunan Jatau ya fita daga gidan Nomau, ni kuma na fitar da shi da kiran waya ɗaya daga falon nan da kake zama kana kallon ƙwallo.

Ka kiyaye wannan: kada ka yanke abin da ba ka san wanda ya ƙulla shi ba. In ka tarar ana yin wani abu a gidanku ba ka gane ba, ka karɓa tukuna, ka tambaya daga baya.

Na yi shekaru ina danne maganar. Ciwon nan ne ya zaunar da ni. Mutum in yana kwance an jona shi da inji, yana kallon jininsa na fita yana dawowa, ba abin da zai hana shi tunanin jinin na wane ne. Na gaya wa Ummanka komai, da na gama ta ce in kira Kabiru. Kabiru ya bincika ya gano Ranau na nan, amma ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, ba ya fita gona. Ya kuma ji cewa tun shekarar da aka mayar da damin, duk kaka tsohon na sa a ware rabon Jatau a zuba a wani ƙaramin rumbu. In sabuwa ta zo a fitar da tsohuwar a ba mabuƙata, a sa sabuwar. Ya hana a ci, ya hana a sayar. 'Ya'yansa na yi masa biyayya ne don yana raye. In ya rasu za a raba gandun, kuma babu wanda zai ga laifinsu in ba su ware wa mutanen da suka ƙi karɓa ba.

Na nemo lambar faston na roƙe shi ya kai wa tsohon waya. Na yi ta magana, na ba da haƙuri, na yi kuka kamar yaro. Kunnensa ba ya ji sosai, faston ke maimaita masa. Da na gama faston ya ce tsoho ya ce ya ji, kuma ba ya riƙe da ni. Amma ya ce shi bai san yadda ake miƙa dami ta waya ba, in akwai mai ƙafa a gidanmu ya zo. Ni likita ya hana ni yin nisa da injin nan, ka sani. Kabiru ya ce shi ya mayar da damin da hannunsa, ba zai iya haɗa ido da tsohon shi kaɗai ba. Kai ne mai ƙafar, Abba.

Don haka ga abin da nake roƙonka, ba umarni ba ne, don ban bar wa kaina bakin umarni a wannan magana ba. Kada ka fara da Kaduna. Takardun sun jira tun zamanin Turawa, za su ƙara jira. Da an fara yankan dawa ka ɗauki baffanka ku tafi Gidan Nomau. Ka sayi gishiri da kanwa da sabulu da turmin atamfa, yadda Baba yake yi. In ka isa ka cire takalmi, ka durƙusa har ƙasa ka gaida tsohon, ka bar wannan gaisuwar taku ta buga kafaɗa a filin jirgi. Ka kira shi Kaka. Hausarka za ta ba yaran gidan dariya, ka bar su su yi, kai ma ka taya su. Abin da aka ba ka na sha ka sha, ko ba ka jin ƙishirwa. Kada ka damu da sallarka, suna da maƙwabta Musulmi, sun san buta da tabarma, kuma na tabbata kafin ka tambaya za a nuna maka gabas. Ba gardamar addini na aike ka ba. Ka riƙe naka da kyau, ka bar halinka ya yi magana. Ka nemi Haruna, babban ɗansa, ka gaya masa sunanka.

Sannan ka zauna. Ka tambayi Kaka sunan uban Nomau, da sunan uwar da ta haife su shi da Baba, wadda babu takardar da ta rubuta ta. Ka tambaye shi inda aka binne su, da abin da suke cewa shi da Baba a zaure ƙasa-ƙasa. In ya yi shiru kada ka cike shirun da surutu. In ya gaji ka kwana, gobe ku ci gaba.

In ya tambaye ka kai wane ne, kada ka ce ɗan injiniya, kada ka ce daga Doha. Ka ce kai jikan Jatau ne, ka zo ɗaukar rabonsa. In suka fito da damin kada ka bari wani ya ɗaukar maka, ka saɓa shi a kafaɗarka ko zai ɓata maka riga. Ku kai shi Kano a sussuka a niƙa, ka ɗebi ɗan gari ka ba masu zuwa nan su kawo mini. Ummanka za ta tuƙa. Na san abin da likita zai ce, amma loma ɗaya sai na ci.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da girman kan da ya wahalar da ubanka. Allah Ya ji ƙan Malam Haruna da Malam Isa da Gwaggo Hajara. Allah Ya sa ka tarar da tsohon nan da rai. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule ɗan Jatau